Abin Da Ke Cikin Garin Ɗan Gata

Ku da kuke bin labarina a waya, sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku. Wasu sun ce na cika son Sadiƙu har ba na ganin laifinsa, wasu sun ce in yi maza in aure shi kafin wata ta riga ni. Yau zan faɗa muku abin da ya faru daga Litinin zuwa yanzu, kuma ba don ku wanke ni nake faɗa ba. Akwai inda ban yi daidai ba, za ku gani da kanku.

Ga wanda yau ya fara karantawa: sunana Hamdiyya, shekarata ashirin da biyu, ina Birnin Konni, gidan mahaifina Malam Attahiru tela. Sadiƙu shi ne mai nemana da aure. Yana da ɗan wurin aiki bayan tasha, inda mata bakwai suke soya gero da gyaɗa, su niƙa, su ƙulla garin kunun yara a leda. Garin Ɗan Gata ake ce masa. Ledar rawaya ce, da hoton jariri mai kumatu, a ƙasa an rubuta da Faransanci da Hausa cewa an ƙara masa bitamin da sinadarin ƙarin jini, cikakken abincin yaro ne. Hausar ni na rubuta masa bara, don na yi lakwal, wato boko, har kwaleji. Da ya ce yawancin mata ba sa karanta leda, ni na ɗauki salularsa na yi magana a ciki: “Uwa, ki huta da daka. Komai da yaronki ke buƙata yana cikin ledar nan.” Sau huɗu na maimaita kafin ya ce ta yi. Wannan murya ta yi yawo daga waya zuwa waya har ƙauyukan da ban taɓa takawa ba.

Bayan ƙaramar salla ya zo gaida iyayena. Ban da goro da atamfa, ya kawo katan-katan na garin. Inna ta raba wa dangi kamar yadda ake raba kayan mai neman aure, don kowa ya ɗanɗana ya san yarinya ta samu manemi. Kaso mafi yawa ya tafi ƙauyen Tajaye wajen yayata Hawa'u, wadda 'yarta Rumaisa ke da wata tara a lokacin, mijinta kuma ya tafi cin rani. Tun daga nan duk wata sai Sadiƙu ya ba direba wani katan ya kai mata. Babu wanda ya roƙe shi. Wannan yana cikin abin da ya sa na ƙara son sa.

Ranar Litinin da hantsi muna tsakar gida ni da Inna, mun fito da kwanonin tangaran muna wankewa, don ranar Jumma'a iyayen Sadiƙu za su zo sa rana. Inna ta sa an sake shafe ɗakin Baba da farar ƙasa, ta ari manyan tabarmi biyu a maƙwabta. Sai salulata ta yi ƙara a kan turmi. Yaya Hawa'u ce, saƙon murya da hoto. Na goge hannu a zane na kunna.

“Hamdiyya, ina kwananku, ina Inna. Ke, jiya na kai Rumaisa likita awo. Sun ɗaura mata zaren awo ga hannu, ya tsaya ga rawaya, dab da ja. Madam mai awon ta buɗe mata ido, ta duba tahin hannunta, tac ce jini ya yi ƙasa. Tac ce mi take ci? Na hiddo ledar Ɗan Gata na gwada mata. Ta karanta, ta juya, ta sake karantawa, tac ce in wanga take sha kullum bai kamata ta zama haka ba. To ni kunya nike ji. Ki tambayar min shi cikin dabara, ko akwai wani mai ƙarhi da ya hi wanga.”

Na buɗe hoton. Hannun Rumaisa ne kawai, da yatsun yayata suna riƙe da shi. Kamar sillen kara.

Inna ta ajiye kwanon da ke hannunta a hankali.

“Ba ki tambayar shi komi,” ta ce.

“Inna, tambaya ce kawai.”

“Mutum ya kawo kyauta gidan surukai, sai a aika a ce mishi kyautarka ba ta yi ba? Saura kwana huɗu? Ke kina da hankali kuwa? Haƙora yarinya take yi. Ke ma da kina haƙora haka kinka zube, har anka ce ba ki tashi.”

“Madam ta ce jini ne.”

“Madam ta haihu? Ɗauko min soso.”

Na ɗauko mata soso. Ku da ba ku san Inna ba, kada ku ce ba ta son jikarta. Na ga yadda ta juya baya ta daɗe tana goge kwano ɗaya da ya riga ya bushe. Amma a gidanmu ba a taɓa haɗa ido da suruki ba, balle a tambaye shi abin da ya zuba a cikin abin da ya kawo. Sau uku Sadiƙu ya shigo gidan nan, sau uku Inna ta amsa gaisuwarsa daga bayan labule.

Da azahar saƙonsa ya shigo.

“Ranki ya daɗe, saura kwana huɗu. Kin ci abinci?”

Na rubuta tambayar, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Daga ƙarshe na tura masa: “Na ci. Kai fa?”

Ranar Talata na ce wa Inna zan je kasuwa sayen zare. Na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, wadda shi ya saya min, da hijabi ruwan toka, na tare kabu-kabu na ce bayan tasha. Ban tafi da niyyar binciken kowa ba, Allah ya sani. Na tafi ne in tambaya ko akwai mai ƙarfi, yadda yayata ta ce.

Ban samu Sadiƙu ba, an ce ya tsallaka iyaka zai dawo kafin la'asar. Na samu Naja'atu, babba a cikin matan, ita ke haɗa gari. Ta girme wa Inna, amma kullum da tsokana take tarbata.

“Lale da amarya! Kin zo duba dukiyarki tun ba a kai ki ba?”

“Na zo koyon aiki, Iya. Kar a kai ni a ce ban iya komi ba.”

“Zauna nan, kar gari shi ɓata miki atamfa, angon shi ce mu munka yi.”

Na zauna a kan benci ina kallo. Ƙamshin soyayyen gero ya cika wurin. Ta juye niƙaƙƙen gero a babbar roba, ta watsa ɗan garin gyaɗa, ta zuba suga, ta sa hannu ta juya. Ta tura wa masu ƙullawa. Suka fara cika leda, inji yana liƙe baki.

Bara da ya kawo ni in ga wurin, ba haka na gani ba. Akwai buhun waken soya a kusurwa. Akwai kuma wani mataki da ya tsaya ya yi min bayaninsa da alfahari: a buɗe wani gwangwani da ake kawowa daga waje, a ɗebi garin bitamin da wani ƙaramin kofi shuɗi, a share bakinsa daidai, a zuba. Ya ce min ba don wannan kofin ba, garinsa da na kowace mata a gida ɗaya ne.

Na waiga ina neman kofin. Na gan shi rataye a bakin randa. Wata daga cikin matan ta tashi ta sha ruwa da shi.

“Iya,” na ce, “ba ki sa na gwangwani ba.”

Hannunta ya tsaya a cikin roba. Ba ta ɗago ba.

“Amarya, ni aikina in haɗa abin da anka ba ni.”

“Waken soya hwa?”

“Shi ma.”

“Tun yaushe?”

Ta dubi sauran matan. Duk sun duƙufa a kan leda kamar ba sa ji.

“Tun kahin azumi,” ta ce a hankali. “Kar ki ce daga bakina.”

Tun kafin azumi. Na zauna ina lissafin watanni a yatsuna a ƙarƙashin hijabi. Ranar da ya durƙusa a zauren Baba da katan-katan a gabansa, ya riga ya sani. Duk ledar da ta je Tajaye, babu ɗaya da kofin nan ya taɓa.

Ya dawo kafin la'asar, cikin farar riga da hula, yana murmushi tun daga ƙofa. Da ya ga fuskata murmushin ya ragu. Ya ce mu shiga buro. Buron ɗan ɗaki ne da tebur, da kujera biyu, da kabad. Ya bar ƙofar a buɗe kamar yadda ya saba, don kada a yi magana. Na miƙa masa salula da hoton.

“Hannun wa?”

“Rumaisa.”

Ya daɗe yana kallo. Ya ajiye wayar a kan tebur, ya cire hula ya shafa kai.

“Wa yah hwaɗa miki?”

“Kofi na gani ga randa.”

Bai yi musu ba. Da ya yi musu da na fi samun sauƙi, da na san abin da zan yi da shi.

“Hamdiyya, saurara. Mai kawo min gwangwanin ya daina kawowa tun da hanya ta lalace. Na nema ko'ina. Kuɗin waken soya ya zama abin da ya zama. Ledodin an riga an buga su tuli guda, suna nan cikin kabad. In na tsaya, matan ga bakwai su tai ina? Naja'atu marayu huɗu take riƙo. Na ce wata ɗaya ne, a lallaɓa. Wata ɗaya ya zama biyu.”

“Ya zama bakwai.”

“Gero ne da gyaɗa da suga. Ba guba na ba kowa ba. Wane yaro gero ya taɓa kashewa ƙasar ga?”

“An rubuta cikakken abinci.”

“Kowa haka yake rubutawa. Je ki kowane butik, kowane shago, ki karanta. Kuma ni ban ce ma kowa shi daina ba ɗanshi wake da ƙwai ba.”

“Ni na ce.”

Ya ɗago.

“Ni na ce uwa ta huta da daka. Da bakina. Kai kana tsaye kaina kana cewa in sake, ban yi daɗi ba.”

A waje inji yana ta liƙe leda, ƙas, ƙas, ƙas.

Sai ya tashi ya buɗe kabad, ya ture tulin ledodi, ya fito da gwangwani. Ƙarami ne, an ɗaure murfinsa da roba.

“Saura kaɗan,” ya ce. “Na aje shi ne don ranar da masu bincike za su zo ɗaukar samhuri.”

Kun ji? Ni ma haka na ji shi. Ya faɗa ba tare da ya lura da abin da ya faɗa ba.

Ya fita da kansa, ya ciro kofin daga randa, ya wanke, ya goge da gefen rigarsa. Ya aika aka nemo waken soya aka soya aka niƙa ina zaune. Ya nannaɗe hannun farar rigarsa ya haɗa da kansa, ya share bakin kofi daidai kamar bara. Ya zuba a babbar farar leda da ba rubutu, ya ɗaure, ya ajiye a gabana.

“Wanga na Rumaisa ne. Zai kai ta wata biyu. An yi min alkawali gwangwanaye za su iso bayan sati uku, wallahi daga ranar komi zai koma yadda yake. Abu ɗaya nike roƙo. Ki bari Jumma'a ta wuce. In maganar ga ta hita yanzu, ba wurin ga kaɗai za a ruhe ba. Babanki zai iya ɗaga kai cikin gari? Ke kanki muryar wa ke cikin wayoyin mutane?”

“Sauran yaran hwa?”

“Sati uku, Hamdiyya.”

Ga inda na ce za ku ga laifina. Na ɗauki ledar. Na sa ta ƙarƙashin hijabi, na rungume kamar abin da na sato, na hau kabu-kabu na koma gida. A hanya ina gaya wa kaina cewa Rumaisa ce tawa, sauran ban san su ba. Har na ji wani ɗan sanyi a raina cewa da hannunsa ya haɗa mata. Haka zuciyata take, ba zan gyara muku ita ba.

Laraba na yini kamar mai zazzaɓi. Baba yana zaure yana ƙarasa babbar rigar da zai sa ranar Jumma'a, na kai masa ruwa, na tarar yana gaya wa abokinsa cewa shi bai damu da mai mota ko mai bene ba, Allah ya ba shi surukin da ke ciyar da 'ya'yan talakawa. Ya karɓi kofin yana dariya ya ce, “Ko ba haka ba, Hamdiyya?” Na ce haka ne, Baba.

Na koma ɗaki na zauna bakin gado ina tambayar kaina abu ɗaya ta fuska goma. In na yi shiru sati uku, ƙarya na yi ko haƙuri? In na yi magana, matan nan bakwai suka rasa aiki, alhakin wa? Wanda ya zuba, ko wadda ta faɗa? Shin mutum yana iya zama mai kirki a komai, ya zama haka a abu ɗaya, ko kuwa abu ɗayan shi ne mutumin? Saƙonsa ya shigo sau uku. “Kin yi shiru.” Sai kuma, “Na san na yi kuskure.” Sai kuma, “Kar ki bar ni a kan wannan.” Na karanta duka, ban amsa ba.

Alhamis da safe na ce wa Inna zan je Tajaye in taho da Yaya Hawa'u, tun da dai dole ta kasance ranar sa rana. Inna ta dube ni, ta dubi jakata da ta kumbura, ba ta tambaya ba. Ta ƙulla min kilishi da sabulu ta ce in kai mata. Na tura wa Sadiƙu layi ɗaya, cewa na tafi kai saƙon, zan dawo da la'asar.

Na shiga motar haya, mun wuce Tsarnawa rana ta fara zafi. Gonaki duk an yanke gero, dammuna a jingine. Na isa gidan yayata na tarar da wake shanye a kan tabarma ya cika rabin tsakar gida, kaji suna zagayawa, ga zogale ya yi ganye a bayan ɗaki. Tana zaune a inuwa da Rumaisa a cinya. Kusa da ita maƙwabciyarta Sakina, da nata ɗan a goye.

Rumaisa ba ta yi kuka ba da na ɗauke ta. Ba ta yi dariya ba. Ta kwantar da kai a kafaɗata kawai, ba nauyi. Gashinta ya yi ja-ja, ya yi laushi.

“Wagga ita ce mai muryar?” Sakina ta ce tana dariya. “Wallahi na haddace ki. Uwa, ki huta da daka! Ke kinka raba ni da turmi, Allah shi yi miki albarka. Yayarki ke ɗebar min duk wata.”

Ta kwance goyo ta juyo da yaron gaba don in gan shi. Na gan shi, shi ma kamar Rumaisa.

Na buɗe jaka na fito da farar ledar na miƙa wa yayata.

“Ga shi. Mai ƙarhin.”

Fuskarta ta washe. “Kin tambaye shi? Bai ji haushi ba? Kai, Allah shi saka ma yaron ga.” Ta kwance ta shinshina. “Wanga ƙamshinshi daban. Har launin ma. Sakina, miƙo kwanonki.”

Ta karkata ledar za ta zuba rabi. Ban san lokacin da hannuna ya riƙe wuyan hannunta ba.

“Na Rumaisa ne kaɗai.”

Duk suka dube ni. A wurinmu ba a faɗin haka. Ba a taɓa ba yaro abu wani yaro yana kallo a ce nasa ne shi kaɗai. Sakina ta janye kwanonta a hankali ta kife a cinya, ta fara gyara zanen goyo kamar za ta tashi.

“Don mi?” yayata ta ce.

“Kaɗan ne.”

“Ban tambaye ki yawa ba. Mi ya raba wanga da wancan?” Ta nuna ledodi masu rawaya da ke jere a kan taga. “Don mi wanga ba shi da rubutu?”

Na dubi ledar da ba rubutu, na dubi masu rubutun, rubutun da ni na tsara. Da ita kaɗai ce, wataƙila da na samu abin faɗa. Amma Sakina tana nan da kwano a kife, ta sunkuyar da kai don kunyar da na ba ta.

“Zauna, Sakina,” na ce. “Ke ma ki ji.”

Na faɗa musu. Gwangwani, kofi, waken soya, tun kafin azumi. Na ce abin da ke cikin rawayar leda gero ne da suga da ɗan gyaɗa, ba zai cuci yaro ba amma ba zai riƙe shi shi kaɗai ba. Na ce su koma wa wake da ƙuli-ƙuli da ƙwai da zogale tun yau, su ci gaba da ba da nono, su koma likita su gaya wa madam gaskiyar abin da yaran ke sha don ta san abin da za ta ba su. Na yi ta magana da sauri, don na san in na tsaya ba zan iya ci gaba ba.

Yayata ba ta yi kuka ba. Ta kalli waken da ke shanye.

“Da ina daka mata wake da ƙuli,” ta ce. “Ina hwasa mata ƙwai. Na bari don na ga kamar raini ne, suruki shi aiko da na leda ni in koma ma na turmi. Kuma ke kinka ce.”

“Ni na ce.”

“Kin sani sa'ad da kinka ce?”

“A'a. Shekaranjiya na sani.”

“Shekaranjiya.” Ta gyaɗa kai. “Kuma kinka zo da na ɗiyata kaɗai.”

Na sunkuyar da kai.

Ta ɗauki kwanon daga cinyar Sakina, ta juya shi, ta zuba rabin farar ledar a ciki.

“Wanga ba kyauta ba ne, haƙƙinsu ne,” ta ce wa Sakina. “Je ki dama mishi. Ki biya gidan maƙwabciyarki ki hwaɗa mata, ita ma na ba ta.”

Sai ta tashi ta ɗauko babbar tasa. Ta kwashe ledodin taga ɗaya bayan ɗaya, har da wadda aka fara sha, ta jera a ciki, ta rufe da sabon zane, ta ɗaure.

“Yaya, mi za ki yi?”

“Kin sani.”

Na sani. Kayan da manemi ya kawo, in aka ɗaure aka mayar, babu sauran magana. Ba sai an ce komai ba.

“Gobe ne sa rana,” na ce.

“Ni ban ce kar ki aure shi ba. Wanga rabona ne, shi nike maidawa. Naki rabon ke kin san yadda za ki yi da shi.”

Ta dama wa Rumaisa kunu daga farar ledar, ta fasa ƙwai a ciki, ta zauna ta ba ta cokali-cokali har ta ƙoshi. Sannan ta goya ta, ta ɗora tasar a kai, muka fita bakin hanya. Har muka iso Konni ba ta ce min komai ba, ban da sau ɗaya da ta ce in rufe gilashi iska na dukan yarinya.

Sadiƙu yana tasha yana jira. Ya sa shadda ruwan sararin samaniya, ya jingina da motonsa, wato babur. Da ya ga yayata ya taho da sauri ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya miƙe ya kai hannu ga tasar.

“Yaya, kawo in ɗaukar miki.”

Yayata, wadda ba ta taɓa yi masa magana sai da kai a sunkuye ba, ta dube shi cikin ido.

“Ɗauki. Naka ne.”

Ya sauke tasar, ya ɗaga gefen zanen. Yayata ta wuce inuwar wata rumfa ta tsaya, ta ba mu baya.

“Ke kinka hwaɗa?”

“Ni.”

“Ita kaɗai?”

“Da maƙwabciyarta. Yanzu kam rabin Tajaye.”

Ya rufe ido. Masu kabu-kabu suna ta kiran fasinja a kanmu, wani mai ruwan sanyi ya tsaya yana kallo.

“To in ce ma iyayena su zo gobe, ko kar su zo?”

Tun daga Tajaye nake tsoron wannan tambaya, amma da ta zo sai na ji amsar tana bakina.

“Kahin su zauna kan tabarmar Baba, kai za ka hwaɗa mishi da bakinka. Duka, har gwangwanin kabad. Kuma ba ka sake ƙulla leda ɗaya da rubutun ga. In ka yi, su zo, Baba shi yanke abin da ya gani. In ba ka yi ba, ni za ni hwaɗa, gabansu.”

Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ya ɗaga tasar ya ɗora a bayan moto, ya ɗaure da roba. Ya tafi bai waigo ba. Tun daga lokacin babu saƙo ko ɗaya.

Yau Jumma'a. Ina rubuta muku wannan daga ɗakinmu, da lalle a ƙafata wanda ban iya cewa kada a sa min ba. An shimfiɗa tabarmin aro. Inna tana suya tun da asuba, ba ta san komai ba, ko kuma ta sani ta ƙi tambaya. Yaya Hawa'u tana bayan ɗaki tana daka wake. Baba ya sa sabuwar rigarsa yana zaune a zaure, ko da yake sai bayan masallaci aka ce baƙin za su zo, yanzu kuwa ko hantsi bai gama yi ba.

An kashe moto a ƙofar gida. Guda ɗaya. Dakan yayata ya tsaya.

Muryar Sadiƙu ce ke sallama, kuma ban ji ta kowa a bayansa ba.